Wane suna za mu ba littafin da aka ɗora bayan rasuwar marubuci?

Malamai da abokan nazari, ina neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira continuation novel, wato sabon littafin da wani marubuci yake rubutawa da jarumin da ba shi ya ƙirƙira ba, bayan mai jarumin ya mutu, sau da yawa da izinin waɗanda suka gaji haƙƙin mallaka.

Misalin da ya sa na fara tunanin nan shi ne James Bond. Ian Fleming ya fito da shi a 1953, ya mutu a 1964, amma jarumin bai bi shi kabari ba. A 1968 Kingsley Amis ya rubuta Colonel Sun da sunan aro, Robert Markham, sannan John Gardner ya karɓa daga 1981 zuwa 1996 ya rubuta sabbin labarai 14, adadin da ya zarce dogayen labarai 12 da Fleming ya bari. Haka aka yi wa jarumi Jason Bourne bayan mutuwar Robert Ludlum, wanda ya ƙirƙire shi, a 2001.

Wani malami ya ba da shawarar "ci-gaba". Allah ya ƙara masa sani, amma duk wanda ya ji "littafin ci-gaba" zai ɗauka maganar raya ƙasa ake yi.

"Ƙarashe" ta fi jan hankalina, domin muna da misalinta a zaurukan karatu. Jalaluddin al-Mahalli ya yi tafsiri daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya haɗa da Fatiha, ajali ya riske shi, sai almajirinsa Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i, aka sami Jalalaini. Wannan shi ne ƙarashe na gaskiya: aiki ɗaya ne ya tsaya a hanya, wani ya kai shi gaci. Amis kuwa bai tarar da rabin littafi a kan tebur ba. Jarumi ya tarar, da halinsa da bindigarsa da ubangidansa M, ya gina masa labarin da Fleming bai taɓa tsarawa ba. Saboda haka a bar wa ƙarashe gurbinta.

Ni dai na tsaya a kan "ɗori". Muna cewa wane ya ɗora daga inda wane ya tsaya, magini ma yana ɗora bene a kan ginin da ya riga ya kammala, kuma kalmar tana nuna cewa tushen na wani ne. "Littafin ɗori" yana da sauƙi a baki, jam'insa "littattafan ɗori".

Matsalar tana wajen sunan marubucin, domin "mai ɗori" a wurinmu shi ne mai gyaran karaya, kuma ba na son ɗalibi ya karanta cewa Gardner mai ɗori ne ya zaci targaɗe yake dubawa a Ingila. A nan na fi son "magajin alƙalami". Idan akwai wanda a karin harshensu, na Sakkwato ko na Damagaram, ɗori ke da wata ma'ana da za ta ɓata wannan, ina roƙon ya sanar da mu kafin mu sa ta a rubutu.