Neman kalma: me za mu kira "restoration" na tsohon babur da Hausa?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum manya. Yanzu ana ta ciro tsofaffin babura daga zaure da bayan ɗaki, su Honda Benly da C70 da Roadmaster da Vespa, ana son a mai da su yadda suka fito daga kamfani. Turawa suna kiran aikin "restoration", babur ɗin kuma "classic" ko "vintage". Mu kuma komai gyara muke cewa. In ka ce wa bakanike gyara, kafireton baburan yanzu zai ɗaura maka, ya ce an gama, kuma bai yi ƙarya ba. Wace kalma za mu riƙa faɗa da za ta raba wannan aiki da gyara?

Oga Panteka:
Wa alaikumus salam. Gyara shi ne ka kawar da abin da ya hana babur tafiya yau, ko da me ka samu. Ni farfaɗowa nake ganin ta dace, don babur ɗin da ya shekara goma sha biyar a jingine kamar wanda ya suma ne, ba a tashinsa da garaje.

Mu ɗauki C70. Kada a taka kik. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai kamar cokalin shayi biyu ta ramin, a bar shi kwana biyu, sannan a buɗe murfin hagu a juya magneto da hannu. In ya cije a ƙara masa kwana, don in aka tilasta shi ringi zai karye ko ya kwarzane silinda. Bayan ya juya a zubar da tsohon mai, a wanke rariyar mai da ke cikin murfin dama, a kwashe dattin da ya daskare a tsakiyar kuloci, don nan ne matatar mansa take. Sabon mai bai kai lita ɗaya ba, wajen 0.7 yake sha. Sai kafireto. Tsohon fetur in ya bushe danƙo yake zama, ƙaramin jet yake fara toshewa. Alamarsa babur ya tashi da cok, kana sakin totur ya mutu. A jiƙa shi, a hura masa iska. Kada a zura allura, jet tagulla ne, ramin zai buɗe, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada.

Awon kuma ba na ido ba ne. Bawul 0.05 na milimita, sama da ƙasa, injin na sanyi, magneto a kan alamar T lokacin da bawul biyun suke a rufe. Bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7. Kwantak 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai alamar F.

Malam na Unguwar Rimi:
Oga, Allah ya ƙara basira, bayaninka ne ma ya kayar da kalmarka. Duk abin da ka lissafa numfashi ya dawo da shi. Wanda ya farfaɗo daga suma ai da tsummansa yake tashi. Babur zai iya farfaɗowa da tsagaggen sirdi da fitilar wani babur da salansar da aka yi wa faci. Saboda haka farfaɗowa sunan zangon farko ne, mu ajiye ta a nan, ta zauna daram.

Sabuntawa ma ba ta yi ba, don tana ba da izinin a sa sabon abu ko wane iri. Kwaskwarima kuwa ta sama-sama ce, fenti a kan tsatsa. Abin da Bature yake nufi shi ne a mai da abu kamanninsa na farko. Ina ba da shawarar "maido da asali". Tana shiga magana ba tare da wahala ba: an maido da asalin babur ɗin, wane yana aikin maido da asali, wannan farfaɗo da shi kawai aka yi, ba a maido da asalinsa ba.

Ɗan Kawo:
Allah gafarta Malam, ba ta yi tsawo ba? Me zai hana "raya"? Muna cewa raya al'ada, raya ƙasa.

Malam na Unguwar Rimi:
Raya tana da daɗin faɗa, amma ba ta ce komai a kan kama ba. Wanda ya ɗora injin baburan yanzu a jikin Benly ma ya raya shi. Kalmar "asali" ce take aiki a nan, ita ce take ɗaure hannun bakanike.

Mai Fenti Kakuri:
Ni da na zaci za ku ce "tayar da komaɗa", tunda mu masu bugun jiki aka ara wa maganar har 'yan kasuwa suka mai da ita tasu. Amma na yarda a tanki da madgad ta tsaya, ba ta shiga inji.

Tanki kuwa shi ne inda aka fi yin kwaskwarimar da Malam ya faɗa. A fesa waje ya yi ƙyalli, ciki tsatsa fal, sati ɗaya kafireton da Oga ya wanke ya sake toshewa. Yadda ake yi: a cire famfon mai in a jikin tanki yake, don tsami yana cinsa, a toshe ramin. A zuba noti kamar ashirin da ɗan kananzir a girgiza sosai, a ƙirga su wajen fitarwa kada ɗaya ya maƙale. A wanke, a cika da binega a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. A zubar, a ɗauraye da ruwan kanwa don ta kashe tsamin, a sake ɗauraya, a busar nan take a rana ko da iska mai zafi, a zagaya cikin da ɗan baƙin mai a fetur. In aka bar shi da danshi, kafin la'asar jar tsatsa ta sake fitowa. Kuma kada wanda ya kusanto da wutar walda kusa da tankin da ba a wanke an cika da ruwa ba. Tankin da ya shekara babu mai ma yana iya fashewa.

Maganar asali a fenti: launin gaskiya yana ƙarƙashin sirdi ko cikin murfin gefe, inda rana ba ta taɓa ba. Shi ake kai wa mai haɗa fenti, ba na saman tanki da ya koɗe ba. Fentin gwangwani fetur yana narkar da shi, na tanki sai mai haɗi biyu da ake zuba wa hadna, wato ruwan da yake sa fenti ya yi tauri. Farar garkuwar ƙafa ta C70 roba ce da fenti ba ya kama ta, wankewa ake yi. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi saboda ƙura, da damina kuma kada a fesa ranar da hadari ya haɗu, fentin zai yi hazo.

Akwai wata kalmar da ban ji kun taɓo ba, "patina". Wato koɗewa da ɗan tabon shekaru a fentin kamfani. Masu abin ba sa son a shafe shi. In fentin farko bai ɓare ba, wanki da folish ya fi sabon feshi daraja.

Malam na Unguwar Rimi:
Wannan ai furfura ce. Babur da furfurarsa. Ba ta buƙatar wani bayani, kowane Bahaushe ya san furfura ba datti ba ce, kuma ya san yadda ake kallon dattijon da ya shafa mata baƙin rini.

Mai Fenti Kakuri:
Wallahi ta zauna, Malam. Sai dai a bambance: tsatsar da ta fara cin ƙarfe ba furfura ba ce, ciwo ce.

Mai Wayarin Tudun Wada:
Ina da tambaya a kan "asali", don a wajenmu take da rikici. Yawancin waɗannan tsofaffin Honda wutarsu bolt 6 ce. Batirinta da ƙwan fitilarta sun yi wuya, shi ya sa mutane suke mai da su bolt 12, su cire kwantak su sa CDI, wato ɗan akwatin lantarki mai ba fulogi wuta. Babur yana tashi bugu ɗaya, fitila ta fi haske. Shin an maido da asali ko an ɓata shi?

Ga abin da ya kamata a sani kafin a yanke. Yawancin abin da ake ɗora wa bolt 6 laifin datti ne. In wayar as, wato "earth", ta yi tsatsa inda ta haɗu da firam, a kankare wurin har ƙarfe ya fito. In kwantak yana ƙonewa yana yin rami, kondensa ce ta mutu, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. In ƙwai yana yawan ƙonewa, a duba batir: a wannan tsari batir ne yake shanye rarar wuta, in babu shi ko ya mutu, kana murɗa totur ƙwan zai tafi. Tsohuwar raktifaya mai faranti-faranti, wadda take juya wutar magneto ta caja batir, tana rauni da shekaru, ana musanya ta da dayod ƙarami, a ɓoye shi inda take, ba mai gani.

Oga Panteka:
A nawa ganin ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da yake cinyewa dole a sa sabo, kuma bai taɓa asali ba: taya, tub, takalmin birki, kebul, sarƙa da siroket, sil, gaskit, boris. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba ta bushe. A duba lambar gefenta, huɗun ƙarshe mako ne da shekara, in kuwa uku ne to kafin 2000 aka yi ta, ado ce ba ta hawa ba. Tsohon takalmin birki kuma fatarsa tana ɓallewa daga ƙarfen ta cije wili ana cikin tafiya. Dayod ɗin Mai Wayarin ma na yafe. Amma bolt 12 da CDI canjin ƙira ne. Ba haramun ba ne, sai dai a kira shi da sunansa, a ce an zamanantar. Wanda ya yi haka ya adana tsofaffin kayan a kwali, kada ya yanke wayar asali, don mai son komawa ya samu hanya.

Fistin ma haka. In silinda ta ci, ana bora ta zuwa 0.25, in ba ta goge ba 0.50, har zuwa 1.00. Kamfani ne ya tanadi wannan, saboda haka yana cikin asali. Kada a tsallaka zuwa babba alhali ƙarami zai isa, kowane mataki rai guda ne na silindar.

Baba Mai Besfa:
Yara, kun yi ta Honda kun manta da mu. Vespa tun 1946 ake yin ta a Italiya, ta girmi Super Cub na Honda da ya fito a 1958. Ita mai da fetur a haɗe take sha, yawancin waɗanda suke hannun mutane kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace lita, man tu-sitirok ba baƙin man mota ba. Wadda ta daɗe a ajiye sil ɗin kuransha ne yake bushewa. In ta tashi tana ihu ita kaɗai ba ka taɓa totur ba, iska take sha ta sil, a kashe ta kafin fistin ya cije. Kuma a leƙa ƙarƙashin faranti inda ake ɗora ƙafa, jikinta shi ne firam ɗinta, in nan ya ruɓe babu abin da fenti zai yi.

Sunan irin waɗannan babura kuwa ba sai an je nesa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku ce tsohuwar zuma.

Malam na Unguwar Rimi:
Ranka ya daɗe Baba, ka rufe bakin kowa. Tsohon yayi raini ne, akwala zagi ce, gwanjo kuma maganar ciniki ce. Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba: masu tsanani a Ingila ba sa ce wa babur "vintage" sai wanda aka ƙera kafin 1931, ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin ababen hawa kuma shekara 30 ta sa a matsayin iyaka. Asalin kalmar ma daga girbin inabi ta fito, wato abin da tsufa yake ƙara wa daraja, zuma kuwa ta fi dacewa da bakinmu. Tunda Benly CD175 daga 1967 ya fara, babu namu da ya shiga lissafin 1931, kalma ɗaya ta ishe mu. Sai mu riƙe shekara 30 ɗin: babur da ya kai haka, kuma yana da kamanninsa, tsohuwar zuma ne.

Ɗan Kawo:
Na gode manya, na rubuta: farfaɗowa, maido da asali, zamanantarwa, furfura, tsohuwar zuma. Oga, saura kulawa bayan an gama. Kuma sukurorin murfin inji duk kansu yana lalacewa wajen kwancewa, mene ne dalili?

Oga Panteka:
Sukurorin Japan ne, ƙirar JIS, sun yi kama da sita, wato sukuru mai ramin gicciye, amma ramin ya bambanta, sukudireban kasuwa yana zamewa ya cinye kan. A nemo na bugu, wanda ake dukan bayansa da guduma, a share ramin sukurun tukuna. Wajen rufewa kuma a guji gam ɗin silikon. Akwai wani ɗan rami kamar na allura da mai yake bi ya hau kan inji, in silikon ya ɓalle ya toshe shi kamsha zai ƙone cikin 'yan mintuna. Gaskit na takarda da ɗan shafin giris ya wadatar. Kada kuma a wanke murfin alminiyam da soda mai ci, tana zagwanyar da shi.

Bayan bora a tafi a hankali kilomita 500 na farko, a zubar da man, a sake auna bawul. Mai 20W-50 na babur, mai alamar JASO MA, don wasu man motar suna sa kuloci santsi. Sarƙa ta yi lilo santimita ɗaya zuwa biyu a tsakiya. Da hunturu a duba matatar iska duk sati biyu. In za a ajiye shi da damina a cika tanki don kada raɓa ta taru a ciki, a rufe famfo, a zubar da man da ke kofin kafireto, a ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya, a cire batir a riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata.