Wanda ba a biyansa, akwai hurumin yi masa jarrabawa?

Ɗan sa-kai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar da aka yi a taron jiya ta tsaya min a rai, wai daga yanzu duk mai son ci gaba da aikin sa-kai na wayar da kan manoma sai ya yi horo, ya ci jarrabawa, ya kuma riƙa cika sa'o'i yana kawo rahoto duk wata. Ni dai a ganina wanda ba ka biyansa ko sisi ba ka da hurumin gindaya masa sharaɗi. Mutum ya bar aikinsa ya zo don Allah, abin da ya samu ya bayar sai a karɓa a gode masa.

Malamar gona: Wa alaikumus salam ƙanina. Na fahimci inda ke yi maka ciwo amma ban yarda ba. Bari in ba ka abin da na gani da idona, wani yaro cikin waɗanda nake kula da su, mai ƙoƙari ne wallahi ba ya fashi, manomi ya nuna masa ganye ya yi rawaya nan take ya ce ƙarancin taki ne, bawan Allah ya je ya ƙaro taki ya zuba, bayan sati biyu da na je na tuge shuka ɗaya sai ga saiwa ta yi baƙi tana wari, ashe ruwa ne ya kwanta a wurin. Manomin nan bai san bambancin ɗan sa-kai da jami'i ba, shi dai malamin gona ne ya faɗa masa. Asararsa kuma ba ta ragu ba don shawarar kyauta ce.

Ɗan sa-kai: Anti ai masu albashi ma suna irin wannan kuskuren.

Malamar gona: Suna yi, amma su akwai mai tuhumarsu.

Dattijo: Yarona wannan ba sabon abu ba ne. A Amurka akwai shirin Master Gardener da ya faro a jihar Washington a 1973, dalili kuwa jami'an gona sun kasa amsa tambayoyin masu lambu saboda yawansu, sai jami'ar jihar ta horar da mutanen gari su taimaka. Yadda suke yi kamar bashi ne, a jihohi da dama za a koyar da kai wajen awa 40 zuwa 50, kai kuma ka biya da aikin sa-kai kusan adadin haka, sannan kowace shekara ka ƙaro ilimi in kana son riƙe sunan. Kuma ba a yarda ka ba da shawarar da ta fito daga kanka ba, sai wadda bincike ya tabbatar, musamman kan maganin ƙwari. Ba a biyansu, kuma shirin ya bazu ko'ina a ƙasar.

Mai kiwo: Baba da girmanka amma misalin nan bai zauna min ba gaskiya. Da yawa cikin masu wancan shirin mutane ne da suka yi ritaya suna da lokaci da abin hawa, ba ɗaya suke da wanda in ya ba ka wuni guda to gonarsa ce ta kwana ba a taɓa ta ba. Ku tuna tsarin horo da ziyara da Bankin Duniya ya yayata tun shekarun 1970, duk sati biyu a horar da malamin gona, shi kuma ya kai wa zaɓaɓɓun manoma, su kuma ana sa ran su isar wa maƙwabta kyauta. A wurare da yawa saƙon a nan yake maƙalewa, da kuɗin tallafi ya ƙare kuma tsarin ya kasa ɗaukar kansa. Tsari a takarda ba shi ne matsala ba, ɗora wa mutum kaya ba gammo shi ne matsalar.

Ma'aikaciyar lafiya: Yauwa, nan nake so a zo. Mu a ɓangarenmu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2018 kan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, ta ce a biya su daidai da nauyin aikin da sa'o'in da suke yi da horon da suka samu. Wato in ka fara neman awa kaza, rahoto kaza, ka zo ran kaza, to ka fara shiga gonar ɗaukar ma'aikaci, sai ka shirya abin da ke biye da haka. Amma horo kam ba na jayayya a kai, ko kyauta kake yi ba za ka taɓa lafiyar mutum ko amfanin gonarsa da ka ba.

Ɗan sa-kai: To ni ma ba horon nake gudu ba fa, ku fahimce ni. Jarrabawar takarda ce damuwata. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu ba ta iya rubutu sosai ba, amma ka ba ta ganye ta juya bayansa za ta gaya maka wane ƙwaro ne, kuma ita mata suke saurara, ita ce ta sa suka daina auna magani da murfin kwalba yadda suka ga dama. Jarrabawa za ta zubar da ita ta bar wanda ya iya haddace littafi.

Malamar gona: Wannan kam ka yi gaskiya kuma zan tsaya maka a kai. Makarantar manoma a gona da FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a Indonesiya a 1989 ba aji ba ce, manoma wajen 25 ne ke haɗuwa duk sati har ƙarshen damina, su shiga gona su duba, su ƙirga ƙwari masu ɓarna da masu cinye su, su yanke shawara tare, a haka suka gane yawan feshi ne ke kashe ƙwarin da ke kare musu shinkafa. Irin wannan gwajin nake nufi. Baiwar Allahn nan ta nuna min ta san kwana nawa ake jira bayan feshi kafin girbi, ta san kayan kariya, kuma ta san lokacin da za ta ce wannan ya fi ƙarfina bari in kira jami'i. Wanda ya kasa na ƙarshen nan ko ya ci ɗari bisa ɗari ba zan tura shi gonar kowa ba.

Mai kiwo: Rahoton wata-wata fa Anti? Shi ne abin da ya fi korar mutane, fom shafi uku kuma ba wanda ya taɓa dawo mana da amsa a kai.

Malamar gona: Rahoto ba zan janye ba, ta nan muke gane cuta ta ɓulla tun ba ta yaɗu ba. A rage shi dai, ko saƙon murya ne ya isa.

Dattijo: Ni har yanzu ina kan cewa a rubuta adadin sa'o'i tun ranar farko kowa ya sa hannu, wanda ba zai iya ba ya faɗa tun da wuri.

Ɗan sa-kai: Zan sa hannu Baba, in dai a takardar an rubuta nauyin masu shirya aikin su ma, wa zai ɗauki kuɗin mota ranar horo, wa zai ba da safar hannu da takunkumi, kuma in na kira jami'i cikin kwana nawa zai zo. Anti ko za ki kai wannan gaban kwamiti a zama na gaba?

Malamar gona: Turo min su a rubuce yau, zan kai in sha Allahu.