Abin da muka tsayar kan kuɗin asibitin unguwarmu

Bayan sallar la'asar ranar Asabar muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, nan gefen Kurna a Kano, kan maganar asibitinmu na sha-ka-tafi. Abin da ya tara mu shi ne wata mai naƙuda da aka ce wa mijinta ya je ya sayo safar hannu da auduga cikin dare, ungozoma kuma tana haska ta da fitilar waya. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin lafiya, ya tuna mana cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana shiga asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa kai tsaye. Ya ce, “'Ya'yana, ku fara tambayar ko namu na ciki, sannan ku nemi shugaban kwamitin mazaɓa mai sa ido kan asibitin ya riƙa karanta mana abin da ya shigo da inda ya tafi.” A nan muka fi daɗewa, don da yawanmu ba mu ma san da kwamitin ba. Muka amince a saka mata biyu a cikinsa, tunda su ne kullum a layin awo.

Wata Hajiya ta ce a kai marayu da tsofaffi su yi rajista da KSCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano. Maganar ƙarin ungozomar dare kuwa, takarda za mu rubuta wa ƙaramar hukuma, kansila ya kai da hannunsa ranar Litinin.