Jadawalin gwaji da bukukuwan Yahudawa: waɗanne ranaku za a kauce wa?

Malamar_Kimiyya: Assalamu alaikum. Ana tsara jadawalin gwaje-gwaje a wata makarantar gwamnati a jihar New Jersey ta Amurka mai ɗalibai Yahudawa da dama. Kalandar ofis Yom Kippur (ranar azumi da neman gafara ta Yahudawa) kaɗai ta nuna. Ya wadatar?

Baban_Ilimi: Wa'alaikumus salam, Malama. Bai wadatar ba. Ga mai riƙo da addini da ke zaune wajen Isra'ila, ranaku 13 ne a shekara aka hana aiki, ban da Asabar: Rosh Hashana (sabuwar shekararsu) kwana 2, Yom Kippur 1, farkon Idin Bukkoki 2, Shemini Atzeret da Simchat Torah 2, Idin Ƙetarewa 4 (biyu a farko, biyu a ƙarshe), sai Shavuot 2. Bakwai na farkon cikin wata guda suke, ana komawa makaranta. Hanukkah da Purim ba a hana aiki a cikinsu ba, kada ki damu da su.

Kuma kada a kwafi jadawalin bara. Kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata guda sau 7 cikin shekara 19, shi ya sa bukukuwan ba sa zagaya shekara kamar Sallah. Rosh Hashana kan tsaya tsakanin farkon Satumba da farkon Oktoba. Amma kwanan wata da ranar mako suna canzawa kowace shekara. A 2025 duk bakwai ɗin ranakun karatu suka faɗo. A 2026 shida sun faɗo Asabar da Lahadi, Yom Kippur ne kawai ya zo Litinin, 21 ga Satumba.

Hajiya_Rajista: Inda aka fi tafka kuskure shi ne jajibiri. Ranarsu daga faɗuwar rana take kamawa, irin yadda daren Juma'a yake a wurinmu, kuma ana kunna kyandir minti 18 kafin magariba. Taron iyaye ko wasan ƙwallo da aka saka yammacin jajibiri ya riga ya shiga cikin idi.

Na biyu, kashegarin idi. A ranar idi yaron bai taɓa biro ba, bai kunna kwamfuta ba, bai duba waya ba har taurari suka fito. A Yom Kippur ma azumin kusan awa 25 ya yi, ko ruwa babu. A ce ya kawo aikin gida da safe ko ya zauna gwaji, gaskiya zalunci ne. A ba shi aƙalla kwana biyu, a kuma ɗage wa'adin aikin da ake turawa ta intanet, don na'ura da kanta take rufewa tsakar dare.

Baban_Ilimi: Ƙari, Malama: hukumar ilimi ta New Jersey tana fitar da jerin ranakun addini kowace shekara. Idan iyaye suka rubuto takarda, fashin da uzuri ne, kuma doka ta ba yaron damar yin wani gwajin a madadin. Ki tambayi iyayen tun makon farko, domin wasu gidajen Rosh Hashana da Yom Kippur kaɗai suke kiyayewa.