Neman kalma: me za mu kira hopecasting da Hausa?

Ɗan Zazzau a Leeds:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar Hausa ta hopecasting, kalma ce da masu bin yanayi a Birtaniya ke jifan juna da ita duk hunturu. Bari in yi bayani don wanda bai san mutanen nan ba. Wasu bayin Allah ne, ba ma'aikatan hukumar yanayi ba ne, wani direba wani malamin makaranta wani ɗan fansho, babban burinsu a duniya dusar ƙanƙara ta sauka ta kwanta a ƙofar gidansu, ƙasar kuma ba ta cika yi musu haka ba saboda iskar da ta fi kaɗawa daga tekun Atlantika take zuwa da ɗumi da ruwa, sai ta juyo daga gabas ko arewa sannan ake samun irin sanyin da suke so. To da Nuwamba ta kama sai su tare gaban taswirorin kwamfuta. Na Amurka da ake kira GFS sau 4 yake fitowa a rana kuma yana hangen har awa 384 gaba, kwana 16 kenan, sai ka ga mutum ya tsallake gobe da jibi da gata duk sun nuna ruwan sama, ya gangara can kwana na 13 ya ciro hoto ɗaya da shuɗi, alamar sanyi, ya rufe Ingila ya ce jama'a ku tanadi shebur. Bayan awa 6 sabon lissafi ya fito shuɗin ya yi layar zana. Gobe ya sake. Wannan halin nake son suna masa.

Mai Fassarar Labarai:
Wa alaikumus salam. Kai tsaye dai hasashen fata ne, tunda abin da suka haɗa kenan, fata da hasashe.

Ɗan Zazzau a Leeds:
Yaya na fara tunanin haka, amma a rubuce fa? Wanda ya ga hasashen fata a kanun labari zai ɗauka likitan ƙuraje ake nufi ko farashin kirgi a kasuwa. A baki karin sauti yana raba su, a rubutu babu.

Mai Fassarar Labarai:
Kai gaskiya ne. To shaci-faɗi, an huta.

Malamin Jogarafi:
A'a ranka ya daɗe, shaci-faɗi bai hau ba. Mai shaci-faɗi daga kansa yake ƙago magana, shi kuwa wannan hoton da ya ɗauko na gaske ne, kwamfuta ce ta fitar da shi da lissafin kimiyya sosai, laifinsa kawai ya ɓoye sauran hotunan. Sai an gane yadda abin ke aiki sannan kalmar za ta fito. A 1961 Edward Lorenz na jami'ar MIT ya sake saka lissafin yanayi a kwamfuta, maimakon 0.506127 sai ya rubuta 0.506 don taƙaitawa, da tafiya ta yi nisa sai sakamakon ya bambanta da na farko kwata-kwata. Daga nan aka gane ɗan kuskuren awo na yau yana girma kullum, wajen mako 2 ya cinye hasashen gaba ɗaya, komai ƙarfin kwamfutarka. Shi ya sa tun 1992 cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, da ke Reading a Ingila ba ta tsayawa kan lissafi ɗaya, sai ta ɗan jirkita alƙaluman farko ta sake, ta sake, yanzu har guda 51, na Amurka kuma 31. Kamar ayari ne, kwanakin farko tare suke tafiya a layi ɗaya, daga kwana na 7 zuwa 10 sai kowa ya kama gabansa, wasu sun yi sanyi wasu sun yi ɗumi. Ma'aikacin yanayi ƙirgawa yake yi ya ce kaza cikin 51 ne suka nuna dusa. Mutumin Ɗan Zazzau kuwa guda 2 da suka yi masa daɗi zai ɗaga, 49 ko kallo.

Ɗan Zazzau a Leeds:
Malam ka gama magana wlh. Su kansu sun san haka fa, wancan ɓangaren na bayan kwana 10 har suna suka raɗa masa wai tsibirin mafarki, lissafin GFS na ƙarfe 6 na yamma kuma da taswirorinsa ke fitowa da dare suna ce masa na mashaya, wai shi ya fi sakin baki. Amma duk da haka ba sa iya ɗauke ido.

Hajiya ta Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni roƙona ɗaya, duk abin da za a zaɓa kada ya ɓata kalmar hasashe ita kanta. A nan cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana cikin masu fitar da hasashen damina kowace shekara, ku ma can NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, na fitar da nata tun farkon shekara har ana fassara shi da Hausa, kuma da ma manoma da yawa kallon duba suke masa. In muka zo da kalma mai nuna duk hangen nesa wasa ne mun ƙara wa masu faɗakarwa aiki. Hasashen watanni yiwuwa yake bayarwa, ko damina za ta fi ta kullum ko ta gaza, ba ya cewa ranar kaza za a yi ruwa a garin kaza.

Malamin Jogarafi:
Hajiya wannan rikicin ya taɓa cin hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, da kanta. A Afrilun 2009 Met Office ta ce alamu sun fi karkata ga lokacin zafi mai kyau na gashin nama a waje, jaridu suka ɗauki gashin naman suka bar maganar yiwuwa, Yuli ya zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hunturun da ya biyo an fi sa ran mai sauƙi sai ya zamo mafi sanyi cikin kusan shekara 30. A Maris 2010 suka daina fitar wa jama'a hasashen zango irin wancan. Amma wannan hasashe ne da bai ci ba, ba hopecasting ba ne, kada mu haɗa su a kalma ɗaya. Tun asali ma Robert FitzRoy da ya kafa hukumar a 1854 da gangan ya zaɓi kalmar forecast, wato hasashe, don ya nisanta aikinsa da duba da annabci.

Ɗan Sakkwato:
Ku kuna ta wahala. Tsammanin warabbuka, shikenan. Ko gafara sa, tunda kullum ana cewa saura kwana 10 har hunturu ya ƙare ba a ga ƙaho ba.

Mai Fassarar Labarai:
Hahaha gafara sa ta yi daɗi amma ita abin da ake jira take siffantawa, dusar da ba ta zuwa. Warabbuka kuma zaman jira ne hannu rabbana, su ko waɗannan aiki suke tuƙuru, sun fi wasu ɗalibai karatu. Me za a ce da hasashen son zuciya?

Hajiya ta Damagaram:
Ɗana son zuciya ya yi nauyi. Wanda ya ci kuɗin marayu shi ake cewa ya yi son zuciya, wannan bawan Allah dusa kawai yake so ya gani ta taga.

Ɗan Zazzau a Leeds:
Kuma a yi musu adalci, abin da ke riƙe su shi ne wani lokacin yana faruwa. Disambar 2010 ita ce Disamba mafi sanyi a Birtaniya cikin shekara 100, tsofaffinsu kuma har yau hunturun 1962 zuwa 63 suke ba da labari, dusa ta kwanta tun bayan Kirsimeti har cikin Maris a wurare da yawa. Sai kuma 2018, wajen 12 ga Fabrairu iskar can sama ta saman dunƙulen arewa ta yi ɗumi farat ɗaya, guguwar da ke tsare sanyi a can ta wargaje, mako 2 bayan nan sanyin Saberiya ya sauko musu, jaridu suka sa masa suna dodon gabas, makarantu a rufe jiragen ƙasa a tsaye. To tun daga nan da an ce sama ta yi ɗumi sai murna. Farkon Janairun 2019 aka sake yin irinsa kowa ya gyara zama, dodo bai zo ba, ƙarshe ma ranar 26 ga Fabrairu aka auna digiri 21.2 a Kew Gardens a Landan, mutane da ƙananan riguna cikin hunturu.

Malamin Jogarafi:
To ku dubi inda aikin yake, a zaɓe yake. Lissafi 51 a gabanka ka ɗauki wanda ranka ke so. Mu kuwa muna da suna tun tuni a rediyo, zaɓi sonka. Hasashen zaɓi-sonka.

Ɗan Sakkwato:
Kai Malam! Na janye warabbuka.

Mai Fassarar Labarai:
Ta zauna. Babu zagi a ciki, kuma duk wanda ya taɓa kunna rediyo da rana zai gane ba sai an yi bayani ba. Ga shi tana juyuwa, mai yi ɗan zaɓi-sonka, jam'i 'yan zaɓi-sonka, a ce wane ya fara zaɓi-sonka da taswirar kwana 13. Matsala ɗaya a labarai na hukuma za ta iya yin kama da raha, can sai in sa hasashen son rai, ya fi son zuciya sauƙi.

Hajiya ta Damagaram:
Na yarda da biyun. Ayarin nan ma da Malam ya faɗa a ajiye shi, ayarin hasashe ya fi min tarin hasashe tunda akwai tafiya tare da watsewa a ciki.

Malamin Jogarafi:
Hajiya ayari sai mun buɗe masa nasa zaren, akwai masu cewa rukuni kuma suna da hujja.

Ɗan Zazzau a Leeds:
Madalla, na gode iyayena da yayyena. Na rubuta: hasashen zaɓi-sonka a hira da intanet, hasashen son rai a labarai, gafara-sa kuma ga dusar kwana 10. Malam in ka buɗe na ayarin ka yi min tagin.