Shin 49ers sun zalunci Trey Lance?

Kawu na Oakland: Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya Juma'a, 25 ga Agustan 2023, abin nan ke cin raina. San Francisco 49ers, ƙungiyarmu ta gasar ƙwallon Amurka (NFL), sun miƙa Trey Lance, kwatabak wato mai jifan ƙwallo, ga Dallas Cowboys, abin da suka karɓa kawai shi ne damar zaɓe ɗaya a zagaye na huɗu na zaɓen sabbin 'yan wasa na 2024. Ni dai a wurina an zalunci yaron nan. A 2021 ƙungiyar nan ta ba Miami zaɓenta na zagayen farko har na shekara uku, 2021 da 2022 da 2023, ta ɗora na zagaye na uku a kai, don ta tashi daga lamba 12 zuwa lamba 3 ta ɗauke shi. Daga ranar zuwa yau wasa huɗu kacal aka fara da shi. Huɗu! Yanzu kuma a ce wasannin share fage biyu sun isa a gane ba ya da amfani? Shekararsa 23 fa.

Auta: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah Ya huci zuciyarka, amma ban ga zalunci ba. Ka kalli wasan Raiders na ranar 13 ga wata? An cinye mu 34 da 7, an kayar da shi sau huɗu da ƙwallo a hannu. Ƙwallon ci ɗaya da ya jefa ma, hannun mai tsaron bayan Raiders ta nufa, ta suɓuce masa, Ross Dwelley ya cafe. Mutum yana shekararsa ta uku a ƙungiya, bai kamata a ce har yanzu yana riƙe ƙwallo yana dube-dube ba.

Kawu na Oakland: Su wa ke tsare shi a wasan? Trent Williams yana fili? Deebo Samuel yana fili? Kittle fa, ko McCaffrey? Duk suna gefe cikin riga da hula. Ka jera masa yaran da rabinsu za a sallama ranar Talata in an zo rage 'yan wasa, sannan ka ce ya gaza. Kuma ka tsallake wasan Denver, inda shi ne ya jawo ƙungiyar daga baya har Jake Moody ya buga ta nasara, 21 da 20.

Auta: To ai su ma waɗanda ya ci a ƙarshen wasan Denver 'yan sallamar Talata ne, Kawu. Ba zai yiwu uzuri ya yi aiki a wasan da ya lalace ba, amma ya ƙi aiki a wanda ya yi kyau.

Hajiya ta Sacramento: Ku dakata. Ku biyun kuna magana kamar waɗannan wasannin ne suka yanke hukuncin, kuma ni ban yarda ba. Wasan share fage ba a shirya masa dabara ta musamman, manyan 'yan wasa ba sa daɗewa a fili, koci ba ya fito da abin da ya tanada don kaka. Detroit ta ci duka huɗu na share fage a 2008, ta shiga kaka ta yi wasa 16 ba ta ci ko ɗaya ba. Cleveland ma haka ta yi a 2017. Kocin 49ers Kyle Shanahan yana ganin Lance da abokin takararsa Sam Darnold kullum a sansanin atisaye na Santa Clara tun ƙarshen Yuli, har atisayen haɗin gwiwa sun yi da Raiders kafin wasan. Abin da muka gani a talabijin ɗan kaɗan ne daga abin da ya gani. Da ya ce ranar Laraba Darnold ne na biyu bayan Brock Purdy, makonni ya yi yana auna su.

Malam na Dallas: Hajiya ta yi gaskiya, kuma hujjar tana nan garinmu. Jiya Asabar Will Grier, kwatabak ɗinmu na uku, ya buga wasan share fage na ƙarshe da Raiders. Kafin wasan an riga an faɗa masa cewa babu gurbinsa saboda zuwan Lance. Ya yi jifar sama da yadi 300, ya ci biyu da jifa, ya ci biyu da gudu, Dak Prescott, babban kwatabak ɗinmu, shi ne ma ke kira masa dabarun daga gefe. Duk da haka sunansa ba zai fito cikin 'yan wasa 53 da za a riƙe don kaka ba. In da wasan share fage ne ke raba gurbi, ai Grier ne zai zauna.

Kawu na Oakland: Malam, wannan ai maganata ka ƙarfafa. Idan tun farko an riga an rubuta sakamako, me ya sa aka ce mana akwai gasa tsakanin Lance da Darnold? Kuma wane ne Darnold? Shi ma lamba 3 aka ɗauke shi a 2018. Jets suka gaji da shi, Carolina ta gwada ta sake shi. An fara wasa 55 da shi, ya ci 21, an ci shi 34. Shi an ba shi wasa 55 ya nuna ko shi wane ne, Lance an ba shi huɗu. Cikin huɗun nan ɗaya a Chicago aka yi shi ana tafka ruwan da ƙwallo ba ta riƙuwa, ɗaya kuma shi ne na Seattle ranar 18 ga Satumban bara, da ya karya idon sawu tun a kashi na farko. A 2021 ma yatsa ya karye masa a wasan share fage. Ku faɗa mini a ina aka gan shi har aka san iyakarsa.

Ɗan Fagge: Ina gaisuwa, manya. Ni daga Kano nake kallo, wasannin San Francisco da dare ake fara su a nan, amma ina bi. Akwai abin da ban gane ba. Tun da yaron bai ƙware ba, me ya hana a ajiye shi a rukunin 'yan atisaye, ya ci gaba da koyo?

Hajiya ta Sacramento: Ba ya yiwuwa, ɗana. Ranar Talata 29 ga wata kowace ƙungiya za ta rage 'yan wasanta daga 90 zuwa 53. Bayan haka ne ake haɗa rukunin atisaye na mutum 16. Amma matashin ɗan wasa irin Lance, kafin ya shiga wannan rukunin sai an fara sallamarsa, sauran ƙungiyoyi 31 su sami damar ɗaukarsa da kwantiraginsa ba tare da sun biya komai ba. Ba wanda zai yi wannan kasadar da wanda aka ɗauka a lamba 3. Zaɓi biyu ne kawai: ko ya zauna cikin 53 a matsayin na uku, ko a yi cinikinsa.

Kawu na Oakland: To a bar shi na uku mana! Ba mu ne muka je Philadelphia ranar 29 ga Janairu aka rasa mai jifa ba? Haason Reddick ya bugi hannun Purdy, jijiyar gwiwar hannunsa ta yage. Josh Johnson ya shigo ya bugu a kai. Purdy ya dawo fili ba ya iya jifa, muna kallo aka gama da mu 31 da 7. Saboda wannan wasan ne aka kawo dokar kwatabak na uku na gaggawa a watan Mayu, kuma dole ya kasance cikin 53. Ƙungiyar da ta ƙare da mai jifa huɗu a kaka ɗaya ita ce za ta ce Brandon Allen ya fi mata Lance a wannan gurbin?

Auta: Kawu, na uku ba ya taɓa ƙwallo. Da zarar kaka ta fara, kusan duk atisayen mako na mai farawa ne, saura kaɗan na na biyu. Abin da Lance ya rasa a rayuwarsa shi ne yawan jifa. A North Dakota State wasa 17 aka fara da shi. A 2019 ya ci 16 ba faɗuwa, ƙwallon ci 28 ba a cafke masa ko ɗaya ba, na yarda abin a yaba ne, amma a rukuni na biyu na jami'o'i ne. A 2020 korona ta sa wasa ɗaya ya yi. Duk jifarsa a jami'a 318 ce, a 49ers 102. Purdy shekara huɗu ya yi yana farawa a Iowa State, jifarsa ta haura 1,400. Ajiye Lance a gurbi na uku ƙarin shekara ce ta zaman banza. Kuma Shanahan ya faɗa bayan wasan share fage da Chargers cewa shi yaron ne ya nemi a sama masa wani wurin da aka gaya masa matsayinsa.

Kawu na Oakland: Wani wurin? A Dallas ma na uku ne.

Malam na Dallas: Haka ne, Alhaji, ba zan musa ba. Dak na nan, Cooper Rush na nan, kuma Rush ya ci huɗu cikin biyar da aka fara da shi bara lokacin da Dak ya ji rauni a babban yatsa. Ba wanda zai ture shi. Ni kaina ban ga yadda Lance zai sami jifar da Auta ke magana a kai a nan ba. Mai ƙungiyarmu Jerry Jones ya ga kaya da araha ne ya saya. Kuma akwai agogo a kan yaron: a watan Mayun 2024 dole ƙungiyarsa ta yanke ko za ta ɗauki shekara ta biyar ta kwantiraginsa, mai tsada sosai. Wa zai sa hannu a kan wanda bai gani a fili ba?

Hajiya ta Sacramento: Yaya, bari in faɗa maka inda nake tare da kai da inda muka rabu. Na yarda an cuci yaron, amma ba shekaranjiya aka cuce shi ba, a watan Afrilun 2021 ne. Lokacin ƙungiyar nan shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da dawowa daga Super Bowl, wasan ƙarshe na kofin gasar, wanda Kansas City ta ci mu 31 da 20. Bosa, Warner, Kittle, Williams, Deebo, duk suna kan ganiyarsu. Irin wannan ƙungiyar ba ta da kakar da za ta sadaukar wani ya koyi aiki. Sai babban manajan ƙungiyar John Lynch da Shanahan suka je suka ɗauko wanda ya fi kowa buƙatar lokaci cikin masu jifan shekarar. Ɗanyen kasko ne aka ce ya kai ruwa ban ɗaki. Buffalo ta haƙura da Josh Allen shekara biyu yana kuskure, don ba ta da abin da za ta rasa. Mu muna da shi. Shekarar farko aka ajiye shi bayan Jimmy Garoppolo don ana neman kofi, ta biyu aka ba shi ya karye, kafin ya warke wani ya zauna a kujerar. Lynch da bakinsa ya amsa cewa sun gwada bai yi ba kuma laifin a wuyansu yake. Abin da nake so a tambaye su shi ne yadda aka yi aka zubar da zaɓe uku na zagayen farko. Miami da su ta haɗa ta samo Jaylen Waddle da Tyreek Hill da Bradley Chubb. Lamba 12 ɗin da muka bari ta zagaya har hannun Dallas, suka ɗauki Micah Parsons da ita.

Auta: Anti, kuma kada a manta yadda Purdy ya shigo. Shi ne na ƙarshe a zaɓen 2022, lamba 262. An riga an lamunce wa Nate Sudfeld dala miliyan 2 don ya zama mataimaki, amma a ƙarshen Agustan bara aka sallami Sudfeld aka riƙe Purdy, saboda abin da ya nuna a atisaye da wasannin share fage. Ke nan Shanahan ba ya duba lambar da aka ɗauki mutum ko kuɗin da aka kashe. Ma'aunin da ya shigo da Purdy shi ne ya fitar da Lance. Garoppolo ya karye a ƙafa a wasan Miami cikin Disamba, Purdy ya shiga, mako na gaba ya lallasa Tampa Bay ta Tom Brady 35 da 7, ya ci duka biyar da aka fara da shi, ya ƙara da Seattle da Dallas a wasannin fidda gwani.

Kawu na Oakland: Ban taɓa cewa a cire Purdy ba, ƙanena. Amma wasa takwas aka fara da shi, da McCaffrey a bayansa da tsaron baya mafi ƙarfi a gasar, kuma ranar 10 ga Maris aka yi masa tiyata a hannun da yake jifa da shi. Idan takwas sun isa a naɗa mutum, ni ban gamsu huɗu sun isa a kori wani ba. In hannun nan ya motsa a watan Oktoba, Darnold ne zai riƙe mana kakar gaba ɗaya, kuma ba wani zaɓen zagayen farko da ya rage daga cinikin da za a ce ga abin da aka samu.

Ɗan Fagge: Ni abin da ya fi tsaya mini ma ba mai jifa ba ne. Ranar 10 ga Satumba za a je Pittsburgh, kuma har yau Nick Bosa bai zo sansani ba saboda maganar kwantiragi. Gwarzon mai tsaron baya na bara fa. Sannan Moody da aka ɗauka a zagaye na uku don ya gaji Robbie Gould ya zubar da bugu biyu a wasan Raiders.

Hajiya ta Sacramento: Bosa za a biya shi, ba su da wata hanya. Moody ne abin dubawa, don yanzu haka yana fama da ciwon cinya, Zane Gonzalez da ke takara da shi ma ya ji rauni. In ba su warke ba, sai an nemo mai bugu daga cikin waɗanda wasu ƙungiyoyin za su saki ranar Talata.

Kawu na Oakland: A nemo. Amma ni ranar 8 ga Oktoba nake jira, da Dallas za ta zo Levi's Stadium. Zan sa rigar Lance mai lamba 5 in je, ko da a gefen fili zai tsaya.