Sun hana ni takardun na'urar bin diddigin waya: in ɗaukaka ƙara ko in sake sabuwar buƙata?

Safiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin shari'a a Amurka, kuma bincikena ya shafi na'urar nan da aka fi sani da Stingray, wadda ke shigar burtu a matsayin turken sadarwa har wayoyin da ke kusa su haɗu da ita, ta haka jami'an tsaro su gano inda mai waya yake. Na rubuta wa wata hukumar tsaro ta tarayya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta FOIA, ina neman ƙa'idojin amfani da na'urar, da kwangilar sayenta, da littafin horar da jami'ai. Sun riƙe komai, suna dogaro da togaciya ta 7(E) da ke kare dabarun bincike. An ba ni kwana 90 in ɗaukaka ƙara a cikin hukumar, kuma fiye da rabin wa'adin ya tafi. Shin in ɗaukaka, ko in cire littafin horon in aika sabuwar buƙata? Ba sirrin wani bincike da ke gudana nake nema ba, so nake in san ko ana neman izinin alƙali kafin a kunna ta a tsakiyar mutanen da ba su yi laifin komai ba.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Kada ki ɓata lokaci, ki wuce kotu kai tsaye. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ta ba wanda aka hana kwana 30 ya kai ƙara, kuma akwai tarar naira 500,000 idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba.

Barista Hadiza: Malam Bashir, dokar Najeriya ka kawo, ita kuwa a Amurka take. A can, idan hukuma ta amsa a kan lokaci, kotu ba za ta saurare ta ba sai ta fara ɗaukaka ƙara a cikin hukumar. Ƙanwata Safiya, ki yi duka biyun, amma ki fara da ɗaukaka ƙarar domin ita ce mai wa'adi. Ki tuna musu cewa doka ta wajabta musu su ware abin da ba ya cikin togaciya su sake shi, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2016 ya ce sai sun hango cutarwar da sakin takarda zai jawo kafin su riƙe ta. Farashin kwangila da ranar sayen kaya ba dabarar bincike ba ne. Ki kuma ambata cewa tun watan Satumban 2015 Ma'aikatar Shari'a ta wallafa ƙa'idarta a fili, inda ta ce jami'anta za su riƙa karɓar izinin kotu kafin amfani da na'urar in ban da yanayin gaggawa da wasu keɓantattun yanayi. Abin da gwamnati ta riga ta shelanta da bakinta yana da wuya a kira shi sirri.

Malam Ɗanjuma: Barista, a takarda maganarki daidai ce, amma ni na ɗanɗana. Ina aikin jarida na nemi takardu kan manhajar gane fuska daga wata hukumar tarayya, na bi duk matakan da kika lissafa. Dokar ta ce hukuma ta amsa cikin kwanakin aiki 20, amma wasiƙar farko lambar layi kawai ta ba ni. Na ɗaukaka ƙara, aka ce na yi nasara, aka mayar da takarduna ofishin da ya hana ni tun farko domin ya sake dubawa. Da kundin ya iso, labarin da nake son rubutawa ya riga ya mutu. Na buɗe shi na tarar shafi bayan shafi an shafe da baƙi, babu abin da ya rage sai kwanan wata da kalmar gaisuwa a saman wasiƙa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani shafi da suka rufe rabinsa, wanda daga baya na gane takardar tallan kamfanin ce, tana nan a shafinsu na intanet kowa yana karantawa. Na je wurin lauya, ya ce in tanadi dala dubu ashirin kafin ya taɓa fayil ɗin. A nan na haƙura, kuma har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Nura: Malam Ɗanjuma, ai da ka sa waɗannan shafukan a firam ka kai gidan baje kolin zane, wataƙila da sun biya maka kuɗin lauyan.

Malam Ɗanjuma: Nura, wannan ba wurin raha ba ne, mutane ake tuhuma da wannan manhaja.

Dokta Amina: Dala dubu ashirin ta yi yawa, Malam. Kuɗin shigar da ƙara a kotun tarayya dala 405 ne, kuma ni ɗaliban shari'a na wata jami'a ne suka tsaya mini tare da malaminsu ba tare da na biya su ko sisi ba. Dokar ma ta ba alƙali damar umartar gwamnati ta biya kuɗin lauyan wanda ya yi rinjaye. Amfanin kotu shi ne a can ake tilasta wa hukuma ta kawo jerin nan da ake kira Vaughn, wanda ya samo suna daga wata shari'a ta 1973, inda za ta lissafa kowace takarda da dalilin riƙe ta. Da aka zo wannan gaɓa, hukumar da nake ƙara da kanta ta saki takardun da ta ce ba sa sakuwa. Kafin nan, Safiya za ta iya neman sulhu kyauta a ofishin OGIS da ke ƙarƙashin hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, sai dai ba shi da ikon tilasta wa kowa.

Malam Ɗanjuma: Dokta, ke kina da jami'a a bayanki. Wanda ba shi da kowa fa? Shawarar wanda bai taɓa biya daga aljihunsa ba daban take da ta wanda ya biya.

Barista Hadiza: Malam, ban raina wahalarka ba, amma idan Safiya ta bar wa'adin ya wuce saboda labarinka, ta rufe wa kanta ƙofar kotu a kan wannan buƙata. Ɗaukaka ƙara a cikin hukuma ba ta cin ko kwabo.

Malam Bashir: To ni duk da haka ina ganin sashe na 12 na tamu dokar ya fi adalci, domin ya ce ko takardar ta shafi binciken 'yan sanda, dole a sake ta idan maslahar jama'a ta rinjayi cutarwar.

Kabiru: Ni abin da ke damuna ya wuce takardu. An daɗe da sanin cewa hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, FBI, ta sa rundunonin 'yan sanda sa hannu a yarjejeniyar rufe baki kan wannan na'ura, har da sharaɗin cewa za a iya neman mai gabatar da ƙara ya janye tuhuma maimakon ya bayyana ta a gaban alƙali. A 2015 wani jami'in 'yan sandan birnin Baltimore ya shaida wa kotu cewa sun yi amfani da ita fiye da sau 4,300 tun daga 2007. Mutum nawa aka yanke wa hukunci ba tare da lauyansa ya san yadda aka gano shi ba? Ɗalibi da ɗan jarida za su iya jira, amma wanda ke tsare ba shi da wannan sararin.

Dokta Amina: Gaskiya ne, Kabiru, kuma 'yan sandan birni ba sa ƙarƙashin FOIA ta tarayya, kowace jiha da tata dokar da nata kuɗin. Wata runduna ta taɓa neman in biya ladan sa'o'in da jami'inta zai zauna yana dusashe fuskoki a bidiyon kyamarar da 'yan sanda ke maƙalawa a ƙirji, kuma kuɗin ya fi ƙarfin albashina. Akwai wanda ya taɓa samun sassauci a kan irin wannan kuɗin na bidiyo?